Yadda ake karanta tsohuwar waƙar ajami ta zamanin Shehu

A gidajen malamai da dama a Damagaram, cikin unguwannin Birni da Zango, akwai gafakar da aka gada kaka da kakanni, kuma ba wuya a sami waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikinta. Ko da yake Damagaram ta bi Barno ne, ba ta bi Sakkwato ba, almajirai da fatake sun yi ta yawo da irin waɗannan takardu. Wanda ya sami ɗaya yana son karantawa, ga yadda zai bi.

Da farko sai ya jera takardun, domin ba a ɗinke littattafan da ba. Marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama, kuma da ita ake gane wadda ke bin wadda. A yi wannan da busasshen hannu, kada a liƙa komai a jikin takarda.

Daga nan sai ya tabbatar da harshen. Shehu, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da ƴarsa Nana Asma'u, sun yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, dukkansu da haruffa iri ɗaya. Rubutun irin na Warshu ne da aka saba da shi a makarantar allo, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Idan Hausa ce, ya sa ran zai haɗu da Sakkwatanci, irin su munka da sunka da anka, tare da kalmomin Larabci masu yawa.

Mataki mafi muhimmanci shi ne rerawa, kuma nan ne masu ilimin boko suka fi yin sakaci. Ajami ba ya nuna karin sauti, b da ɓ ma sau da yawa harafi ɗaya ne, saboda haka ido kaɗai ba ya warware kalma. An gina waƙoƙin bisa aruli, wato ma'aunin waƙar Larabci, kamar Kamil da Basiɗ da Mutaƙarab, kuma amsa-amo ɗaya yakan bi ƙarshen baitoci tun daga fari. Idan mai karatu ya rera baiti biyar ko shida da murya har karin ya zauna masa a kunne, karin da kansa zai nuna masa inda gaɓa take da tsawo da inda mai kwafe ya tsallake harafi. Wanda bai iya ba ya nemi dattijon malami ko tsohuwa mai haddar waƙoƙin wa'azi, domin Nana Asma'u ta bakin jagororin mata da ake kira jaji ta isar da waƙoƙinta ga ƴan taru, wato matan da ke taruwa don neman ilimi, kuma sauraro aka yi su dominsa.

Bayan haka sai ya duba ƙarshen waƙar, inda mawaƙi kan faɗi sunansa da yawan baitoci da ramzi, wato shekarar Hijira da aka ɓoye cikin haruffa. A lissafin Magariba da malamanmu ke bi, harafin shin dubu ne, ra ɗari biyu, lam talatin, harafin ba kuma biyu. Idan an haɗa su za a sami 1232, shekarar rasuwar Shehu. Ramzin da ya ɗauki shin da ra yakan nuna ƙarni na 13 na Hijira, wanda ya fara wajen 1786.

A ƙarshe kada ya yi saurin jingina waƙa ga Shehu don kawai an ambaci sunansa a ciki. Misali, waƙar Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci Shehu ya yi ta, Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa bayan rasuwarsa, haka kuma ɗansa Isa ya fassara wasu. Ya kamata a rubuta sunan mawaƙi dabam, na mai fassara dabam, na mai kwafe dabam, sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin a mayar da takardun cikin gafaka.