Yadda ake amfani da kalmar Turanci "faze" ba tare da an kwafsa ba

Kalmar "faze" harafi huɗu ce kacal, amma a cikin ɗaliban da nake yi wa lesin yamma, masu shirin WAEC da NECO, da wuya ka ga wanda ya saka ta a jimla karon farko ya fita lafiya. Yawanci a labarin ƙwallo ko a Facebook suka tsince ta, suka leƙa ƙamus suka ga tana nufin rikita mutum ko sa shi ya daburce, shi ke nan sai su ɗauka sun iya. Ga hanyar da nake bi da su.

Mataki na farko, ka gyara bakinka kafin ka ɗauki biro. Ana furta ta "feiz", ƙarshenta ɗaya da "days". Wuri biyu muke zamewa. Harafin f namu na Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa a bakin da yawa daga cikinmu yake komawa p, sai "faze" ta fito kamar "pays". Ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka hura iska. Na biyu kuma z ɗin ƙarshe ne. In ka bari ya zama s, to "face" ka ce, wato fuska. Taɓa maƙogwaronka da yatsa lokacin da kake faɗa, in ba ka ji yana kaɗawa ba, ba ka yi z ba. "Fazed" kuwa gaɓa ɗaya ce, "feizd", kada ka raba ta biyu ka ce "fe-zed". Ba sai ka sayi ƙaton ƙamus don wannan ba. Ƙamus ɗin Oxford da na Cambridge duka suna intanet kyauta, akwai ɗan hoton lasifika kusa da kalmar, ka latsa ka saurara, datar da za ka ƙona ba ta kai ta bidiyo ɗaya ba.

Mataki na biyu, rubutu. Akwai wata kalma, "phase", wadda furucinta da na "faze" ɗaya ne sak, kuma ita muka fi gani. Wanda ya san Kubwa a Abuja ya san Phase 2 da Phase 4, mai gyaran wuta kullum yana maganar "three phase", gwamnati in za ta yi titi sai ta ce an gama "first phase". Don haka hannu da kansa yake rubuta ph. "Phase" na nufin zango ko mataki, asalinta daga Girkanci ne, da can yanayin wata ake kwatantawa da ita, daga jinjiri zuwa cikarsa. "Faze" kuma a Turancin Amurka ta fara bayyana a rubuce wajen 1830, daga wata tsohuwar kalmar karin harshen Ingila, "feeze", mai ma'anar kora ko tsoratarwa. Babu dangantaka tsakaninsu. Kada ka dogara da waya ta gyara maka, domin "phased" ma kalma ce ta gaske, ba za ta ja mata jan layi ba. Gwajin da nake ba su shi ne: cire kalmar ka sa "bother" a gurbinta. In jimlar ta tsaya, f da z za ka rubuta.

Mataki na uku shi ne inda ake zubewa, kuma a nan nake cinye rabin darasin. A Hausa muna da rikita da rikice, muna da ruɗa da ruɗe. Ƙarshen kalmar kawai za ka sauya, sai aikatau ya tashi daga wanda ya jawo abin ya koma kan wanda abin ya sama. Tambayar ta rikita ni, ni kuma na rikice. "Faze" ɓangaren farko kawai take da shi. Tana nufin rikita, ba ta taɓa nufin rikice. Saboda haka ɗalibi zai rubuta "I fazed when the examiner called my name", yana nufin ya daburce da aka kira sunansa, alhali Bature in ya karanta zai tsaya yana jiran a faɗa masa wa aka rikita.

Wata ɗaliba ta taɓa tsare ni a kan wannan. Ta ce, "Malam, ai ana cewa I panicked, me ya sa ba za a ce I fazed ba?" Tambaya mai kyau. Na ce mata "panic" abu ne da mutum yake yi da kansa, "faze" kuwa yi masa ake yi. Dole a samu biyu a jimlar, abin da ya zo da wanda ya zo wa.

Abin da nake sa su yi kafin su rubuta komai shi ne su amsa da Hausa: mene ne ya zo, kuma wa ya tarar? Sai abin ya shiga gaba, mutumin ya biyo bayan kalmar kai tsaye. "The crowd didn't faze her", taron jama'a bai rikita ta ba. "The question didn't faze him." Ka lura babu komai tsakanin "faze" da mutumin. Masu tunanin "ko a jikinsa" sukan cusa "on", su rubuta "it didn't faze on him". A cire shi.

In kuma mutumin kake so ya zo a farko, to sai ka juya jimlar: "She wasn't fazed by the crowd." Wannan "wasn't" ko "was" ko "isn't" ba ado ba ne, shi ke riƙe da jimlar, in ya faɗi ka koma kuskuren ɗazu. Bayan "fazed" kuma "by" nake so, ban da "with", ban da "from". Ina sa kowa ya rubuta jimla biyar a siga ta farko, sannan ya juya kowace zuwa ta biyu, a takarda da biro. Wanda ya ce zai yi a ka, gobe zai dawo min da "I fazed".

Mataki na huɗu, ka riƙe ta a korewa. Turawa sun fi amfani da ita wajen cewa abu bai girgiza mutum ba: "didn't faze", "nothing fazes her", "unfazed". Ni a ajina ma ba na fassara ta da rikita, ina ce musu su riƙe ta da "ko gezau". Wanda ya riƙe haka zai gane sharaɗin da ƙamus ba ya faɗa, wato sai abin ya kai a ce ya girgiza mutum tukuna. Ba ka cewa wane ko gezau bai yi ba don an miƙo masa shayi. Amma ma'aikaciyar jinya da aka shigo mata da wanda ya yi hatsarin babur, jini har ƙasa, ta ci gaba da aikinta hannu bai rawa, ita ce za a ce "blood doesn't faze her". Ko ka tuna wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta a 1996, Brazil na cin Nijeriya 3 da 1, Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke daf da tashi, ya kuma ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Wannan shi ne gurbinta: "Being 3-1 down didn't faze them."

Akwai inda za ta juye maka ta zama zagi. Kada ka rubuta "his father's death didn't faze him" da niyyar yabon tawakkalinsa. Mai karatu zai fahimci cewa mutuwar ba ta dame shi ba ne. Kalmar ta ruɗewa ce ta ɗan lokaci, irin ta gaban taro, ko tambayar bazata, ko ihun 'yan kallo, ba ta baƙin ciki ba ce.

To in mutumin ya daburce da gaske fa? Nahawu bai hana ka cewa "it fazed him" ba, ana samunta jefi-jefi, amma ni ba na barin ɗalibaina. Akwai waɗanda suka fi zama daram. Wanda ya shiga kame-kame yana neman takardunsa a gaban masu intabiyu, "flustered" ne. Ɗan wasan da aka zura wa ƙwallo ya fara ba da fasin banza, "rattled". Wanda gabansa ya faɗi ƙarfin halinsa ya tafi, "unnerved". Haka kuma ka guji "is fazing me", ba ta daɗin ji.

Na ƙarshe, wurin da ta dace. Ƙamus na Oxford ya yi mata alamar kalmar hira, don haka ta yi daidai a wasiƙar aboki, da labarin da aka ce ka ƙirƙira, da sharhin wasanni, da saƙon WhatsApp. A wasiƙar neman aiki ko takardar ofis ka sa "unperturbed" ko "undaunted", ko ma ka ce "remained calm" ka wuce, ba wanda zai rage maka maki don ka yi magana a sauƙaƙe. Sau ɗaya a insha'i ya isa. "Unfazed" a haɗe ake rubuta ta, babu karan ɗori a tsakiya, ita ma "by" ke bin ta: "unfazed by the noise".