Kamfen da harshen Kamba: inda 'yan siyasa suke zamewa da yadda za a gyara

A ƙasar Kamba da ke gabashin Kenya, wato gundumomin Machakos, Makueni da Kitui, ɗan takara yakan buɗe jawabi da Swahili ko Turanci, amma in yana so magana ta shiga jiki sai ya juya zuwa Kikamba, harshen Kamba. A nan ne ake samun ƙuri'a, kuma a nan ne baki yake yanka wuya.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar cewa abin da aka faɗa da harshen gida a gida zai tsaya. Tashoshi irin su Musyi FM suna watsa jawaban, matasa suna ɗauka da waya, kafin magariba wani ya fassara ya ɗora a Facebook. Fassara kuwa ba ta tafiya da murmushin mai magana. Habaicin da aka yi wa dariya a kasuwar Wote, in ya isa Nairobi sai ya zama cin mutuncin wata ƙabila. Dokar haɗin kan ƙasa ta 2008, wadda aka yi bayan rikicin zaɓen 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai shilin miliyan 1 kan kalaman ƙiyayya. A 2016 Johnstone Muthama, sanatan Machakos a lokacin, yana cikin 'yan majalisar da aka tsare a ofishin 'yan sanda na Pangani bisa irin wannan zargi. Gyaran: kafin ka hau mumbari, faɗi jimlar da Swahili. In ta yi maka nauyi a baki, cire ta.

Sai gaggawar shiga magana. Bakambe yana jiran a ce "Mwi aseo?", wato "kuna lafiya?", taro ya amsa, a ambaci dattawa, a ambaci iyaye mata, tukuna a taɓo siyasa. Wanda ya tsallake wannan ya nuna zaman birni ya cinye shi.

Wajen suka kuma, da yawa suna barin aiki su kama mutum: shekarunsa, gidansa, aurensa. Mata sun fi shan wannan, alhali yankin ne ya fitar da Charity Ngilu, wadda ta nemi shugabancin ƙasa tun 1997, kuma Wavinya Ndeti ta ci kujerar gwamnan Machakos a 2022. Mai yi wa 'yar takara gorin aure ya manta cewa matan da ke zaune gabansa su ma masu ƙuri'a ne. Ga abin suka jibge: ƙasa ce mai fari, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa, madatsar ruwa ta Thwake ta daɗe ana jiranta. Ka tambayi abokin hamayya ina ruwan yake, da sunansa da muƙaminsa cikin girmamawa. Wannan ya fi zagi zafi, kuma ba shi da abin kai ƙara.

Wajen jana'iza da coci, inda 'yan siyasar Kenya suka saba karɓar makirufo, ta'aziyya ce gaba, siyasa a taƙaice ko a bar ta gaba ɗaya.

Akwai kuma ladabin da ya wuce gona da iri. Lokacin ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki a 2010, kore yana nufin "e", ja yana nufin "a'a", sai abokan hamayya suka laƙa wa Kalonzo Musyoka, Bakambe kuma mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, sunan kankana, wai kore a waje ja a ciki. Ko zargin gaskiya ne ko ƙage, sunan ya bi shi shekara da shekaru. Mai lulluɓe matsayinsa da karin magana don kada ya ɓata wa kowa, irin wannan laƙabin yake jawo wa kansa. Ka gaisa, ka kawo karin maganarka, sannan ka faɗi ɓangaren da kake da jimla ɗaya da ba ta buƙatar sharhi.