Gem ya ƙi buɗewa, ya ce fayil ya lalace: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Duk mai buga GTA V a kwamfuta ya san wannan baƙin cikin, ka danna Play allo ya yi baƙi na ɗan lokaci sai ya watso ka waje, ko wani ɗan akwati ya fito da rubutu ERR_GEN_INVALID ko ERR_GEN_ZLIB_2 yana cewa ka sake instolin gem ɗin. Da GTA V zan yi misali tunda shi aka fi kuka da shi, amma maganar ta shafi kusan kowane gem na kwamfuta. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin ka goge komai ka fara gano mene ne ya lalace, kuma me ya lalata shi.

Babban kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne goge gem ɗin gaba ɗaya a sake dawunlodin daga farko. Gem ɗin da ya kai wajen 100GB fa, ga tsadar data, ga netwok da ke zuwa yana tafiya, alhali sau da yawa fayil ɗaya ko biyu ne kawai suka samu matsala. Kamar mutum ne ya rushe ɗaki saboda kwano ɗaya na yoyo. Kamfanonin da ake sayen gem a manhajojinsu duk sun tanadi hanyar dubawa. A Steam ka shiga Library, ka danna gem ɗin da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties, sai Installed Files, sai Verify integrity of game files. A Epic Games ka taɓa ɗigo ukun da ke jikin gem ɗin, Manage, sannan Verify. A Rockstar Games Launcher yana cikin Settings, ka zaɓi gem ɗin za ka ga Verify integrity, a EA app kuma Repair suke ce masa. Abin da yake yi shi ne ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da na asali, wanda bai yi daidai ba shi kaɗai zai sauke. Yana ɗaukar lokaci musamman in tsohon hadis (hard disk) ne ba SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, ba, don Allah ka bar shi ya gama, kar ka katse shi a tsakiya, kuma ka tabbata akwai caji ko wuta mai tsayawa.

To amma ga inda mutane da yawa ke ruɗewa, sun yi Verify ya ce komai lafiya, gem kuma ya ƙi tashi. In ka taɓa saka mod, wato ƙarin fayilolin da 'yan wasa ke sakawa don canza gem ɗin, to nan za ka fara duba. Verify yana gyara fayilolin gem ne kawai, ba ya cire abin da kai ka zuba da hannunka, don haka dinput8.dll da ScriptHookV.dll da foldar mods da aka yi da manhajar OpenIV suna nan zaune, kuma da zarar Rockstar sun yi ofdet tsohon ScriptHookV, wanda mod da yawa suka dogara da shi, ba ya tafiya da sabon bugun. Ka kwashe su ka ajiye a wata folda daban, ba sai ka goge ba, ka gwada buɗe gem ɗin haka nan. In ya tashi ka san mai laifin, sai ka jira sabon ScriptHookV ya fito. Wani lokacin ma settings.xml ne ya lalace, yana cikin Documents, Rockstar Games, GTA V, ka cire shi gem ɗin zai ƙirƙiro sabo da kansa. Kana cikin wurin ka kwafi foldar Profiles ka adana, sabin ɗinka (save), wato inda ka tsaya a wasan, na ciki, mutane da yawa sun yi asarar mishan ɗin da suka sha wuya a kai saboda sharar gaggawa.

Sai maganar DLL, wato fayilolin da sunansu ke ƙarewa da .dll waɗanda gem ke buƙata kafin ya tashi, wadda ita ce ta fi damuna wallahi. Kwamfuta ta ce MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ya ɓata, sai mutum ya ruga Google ya sauko da fayil ɗin shi kaɗai daga wani shafin da bai sani ba ya jefa cikin System32. Daga nan sai sabon kuskure ya fito, 0xc000007b, wanda yawanci yake zuwa idan an haɗa na 32-bit da na 64-bit, ban da haɗarin kwaso bairos. Waɗannan fayilolin ba na gem ba ne, na Microsoft Visual C++ Redistributable ne, ka je shafin Microsoft ka sauke, ka saka x64 da x86 dukansu biyun ko da Windows ɗinka 64-bit ne. In kuma xinput1_3.dll ko d3dx9_43.dll aka ce babu, to DirectX End-User Runtime na Yunin 2010 ake nufi, shi ma yana shafin Microsoft kyauta.

Antibairos ma yana ɗauke fayil ya kulle. Maganin ba wai ka kashe shi gaba ɗaya ka manta ba, ka shiga Windows Security, Protection history, ka ga me ya kama. In gem ɗin daga Steam ko Epic ka saya sai ka maido da fayil ɗin ka saka foldar cikin Exclusions. In kuwa kirak ne, wato gem ɗin da aka fasa ba a saya ba, aka tura maka, gaskiya ba zan ce ka maido ba, domin ba ka san me aka cusa ciki ba, kuma irin wannan gem ɗin ba shi da Verify balle ya gyara kansa.

Yanzu tushen matsalar, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Fayil ba ya lalacewa haka kawai. A wajenmu abu na farko shi ne ɗauke wuta ana tsaka da ofdet ko kwafi, musamman mai desktof da babu UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko laftof ɗin da batirinsa ya mutu sai a jikin caja. Na biyu filash. Mutane suna kwafo gem daga wajen aboki don rage data, wannan ba laifi in asusunka ya mallaki gem ɗin, sai dai filash ɗin da aka yi wa fomatin da tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, kuma manyan gem na yanzu da yawa suna da irin waɗannan fayilolin, Windows zai ce sun yi girma, in mutum ya tsallake su kwafin ba zai cika ba. Ka mayar da shi exFAT ko NTFS tukuna, amma ka tuna fomatin yana share duk abin da ke ciki. Akwai kuma filash na jabu da aka rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, zai nuna maka ya gama kwafi lafiya lau amma abin da ya wuce ainihin girmansa shara ne, manhajar H2testw tana tona asirinsa. Kuma ka daina fizge filash ba tare da Eject ba.

Idan ka yi Verify ya gyara, bayan kwana biyu ya sake lalacewa, ka sake ya sake, to ka daina zargin gem ɗin, kwamfutar ce. Ka duba lafiyar hadis da CrystalDiskInfo, in ya nuna Caution da launin rawaya ka fara kwashe muhimman kayanka yau ɗin nan. ERR_GEN_ZLIB_2 mai yawan dawowa kuma yakan zo daga RAM mai matsala, ka rubuta Windows Memory Diagnostic a wurin bincike ka bar shi ya gwada. Don fayilolin Windows ɗin kansu ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta sfc /scannow. Ka duba kuma ko hadis ɗin ya cika maƙil, ofdet yana buƙatar sarari kafin ya zauna.

Sai duk waɗannan sun gaza ne za ka sake instolin daga farko, kuma in za ka yi, bayan Uninstall ka leƙa foldar gem ɗin ka share ragowar da hannu, in ba haka ba tsofaffin mod ɗin za su tarbi sabon gem ɗin a wurin.