Yadda Za Ka Zaɓi Talabijin Na Bango

1. Fara auna nisan kujera zuwa bangon da za a rataye shi. Idan bai wuce mita 2 ba, inci 32 zuwa 43 ya wadatar. Ana auna incin daga kusurwa zuwa kusurwa ne, ba faɗi ba.

2. Duba ingancin hoto a jikin kwali. Adadin ɗigon hoto 1366×768 shi ne HD, 1920×1080 kuwa Full HD. A inci 32 bambancin bai cika fitowa ba, amma daga 43 zuwa sama kada ka yarda da na farko, komai zaƙin bakin mai shago. Kuɗin 4K (wanda ya fi Full HD inganci) ma asara ce idan dikodarka ba ta ba da irin wannan hoton.

3. Leƙa baya: ramin HDMI (inda ake jona dikoda da makamantanta) aƙalla biyu, da na USB.

4. Tambayi wat nawa yake ci, musamman idan da sola ko inbata kake amfani.

5. A kunna maka shi. Nemi a saka farin hoto zalla, sannan baƙi. Ɗigon da ya mutu ko haske mai ɗigowa ta gefe nan take zai bayyana. Na hannu ya fi buƙatar wannan gwaji.

6. Karɓi rasit da takardar garanti, ka haɗa da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta.