Yadda za ka yi wa ɗanka bayanin Che Guevara idan ya shigo da hotonsa a riga

Duk mai yawo a kasuwar Gadarif ta nan Sudan ya san fuskar nan, mai gemu da baƙar hula da tauraro a goshi, tana jikin raksha tana jikin rigunan samari, suna ce masa Jifara. To idan yaronka ya shigo da ita gida kar ka fara da faɗa ko ka ce a ƙona, wallahi ƙara masa son abin za ka yi. Zaunar da shi bayan isha'i a kawo shayi ka ce, Baba na, wannan mutumin waye? Yawanci cewa zai yi jarumi ne kawai, daga nan sai ka karɓa.

Fara da abin da ya sa ake sonsa, don idan ka ɓoye wannan zai gani a waya ya daina yarda da kai. Ɗan Ajantina ne, an haife shi a Rosario 1928, likita ne mai fama da asma tun yana ƙarami, ya zaga ƙasashen yankinsu ya ga yadda talaka ke shan wuya, kuma yana Gwatamala a 1954 lokacin da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta taimaka aka kifar da gwamnatin shugaban ƙasar, Arbenz, abin da ya sa ya ce sai da bindiga. Ya haɗu da Fidel Castro, jagoran 'yan tawayen Kuba, a Meziko, su 82 suka shiga jirgin ruwa Granma zuwa Kuba a 1956, ya ci garin Santa Clara ƙarshen 1958, shugaban Kuba Batista ya gudu. Har nan Sudan ya zo a 1959.

Sai ka kawo ɗaya gefen, kuma nan ne za ka daɗe. Bayan nasara shi aka ba kurkukun La Cabaña a Habana, inda aka yi ta yi wa mutanen Batista shari'ar gaggawa ana harbe su. Masu kare shi sun ce azzalumai ne da suka azabtar da jama'a, iyalan waɗanda aka kashe kuma har yau suna cewa ba a ba su damar kare kansu ba, shi da bakinsa ma a Majalisar Ɗinkin Duniya 1964 ya amsa cewa sun yi harbi kuma za su ci gaba. Tambayi yaron, da kawunka ne aka yanke wa hukunci haka cikin sauri fa? Yi shiru ka bar shi ya amsa, kar ka amsa masa. Ni a ganina mu da muka ga abin da bindiga ta yi wa Khartum da Madani tun 2023 bai kamata a nuna wa yaranmu yaƙin sunƙuru kamar ado ba.

Faɗa masa kuma ɗan gurguzu ne, aƙidar da ba ta ɗauki addini a bakin komai ba, kuma ba baƙuwa ba ce a nan, jam'iyyarsu ta yi ƙarfi har shugaban ƙasa na lokacin, Numeiri, ya rataye shugabanta Abdulkhaliƙ Mahjub a 1971.

Ƙarshensa ba sai ka ja ba. Ya je Kwango 1965 wurin 'yan tawayen Kabila abin bai yi ba, ya tafi Bolibiya manoma suka ƙi binsa, sojoji suka kama shi suka harbe shi a ɗakin wata makaranta a La Higuera ranar 9 ga Oktoba 1967 yana da shekara 39, sai 1997 aka gano ƙasusuwansa aka kai Kuba. Wannan kisan ma babu shari'a, ka faɗa masa haka.

Idan ya ce zai ci gaba da sa rigar, ka ce to, banda masallaci, kuma ranar Juma'a ya dawo ya ba ka labarin La Cabaña da kansa daga bakin masu yabo da masu zargi.