Yadda Ake Zuwa Kallon Kunkurun Teku a Ras al-Jinz

Ras al-Jinz gaɓar teku ce a can ƙuryar gabashin ƙasar Oman. Tun 1996 gwamnati ta killace ta saboda koren kunkurun teku, wanda matansa ke fitowa da dare su yi ƙwai a cikin rairayi.

Da farko ka zaɓi lokaci. Ana ganinsu kusan duk shekara, amma sun fi yawa daga Yuni zuwa Satumba. Sai ka kama gurbi tun kafin ka taso, domin ana ƙayyade yawan masu shiga, kuma ba a shiga sai da jagora. Fita biyu ce: ɗaya bayan Isha, ɗaya da asuba. In da hali ka yi duka. Da asuba ne ake barin ɗaukar hoto.

Daga Maskat, babban birnin Oman, ka bi titin bakin teku zuwa garin Sur, kimanin kilomita 200. Ka sha mai a nan, ka sayi ruwa, sannan ka ƙarasa; saura tafiyar kamar awa guda. Akwai masauki a cibiyar baƙi ta Ras al-Jinz, akwai kuma a Ras al-Hadd da ke kusa.

Ka sa tufafi masu duhu, ka kashe waya ka jefa aljihu. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Uwar da ta ga haske ko ta ji hayaniya kafin ta fara, sai ta juya ta koma ruwa da ƙwanta a ciki. Don haka ka jira jagora ya kira ka, ka tsuguna ta bayanta. Za ka ga ramin da ta haƙa da ƙafafun baya, ƙwai farare, kewayayyu, masu laushin ɓawo suna faɗowa bibbiyu, uku-uku, har wajen 100. Idonta na zubar da ruwa kamar mai kuka. Gishirin jikinta take fitarwa.

Bayan kamar wata biyu 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa, su nufi inda ya fi haske, wato saman teku. Fitilar waya ɗaya ta isa ta karkatar da su wajen tudu, inda dila da ƙaguwa ke jira. In ka ci karo da su, kada ka ɗauka. Ka tsaya cik, ka duba ƙarƙashin ƙafarka kafin ka sake takawa.