Kurakuran da ƙananan hukumomi suka fi yi wajen kare filaye da turbobin bakin rafi

Ƙaramar hukumar da ta ƙudurta keɓe filin bakin rafi domin amfanin jama'a, tare da fitar da turbar da masu tafiya a ƙafa da masu keke za su riƙa bi, ba ta cika shan wahalar samun goyon baya ba, domin da wuya a sami kansilan da zai miƙe ya ce ba ya son inuwa da wurin shan iska. Wahalar tana zuwa ne bayan shekaru kaɗan, lokacin da ruwa ya ci rabin turbar, ko wani ya kafa gini a tsakiyar filin yana riƙe da takardar mallaka sahihiya, ko wurin ya koma juji. Yawancin waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne, wato ana zana turba a taswira tun kafin a binciki inda ruwa yake bi idan ya cika. Rafin ya riga kowa zama a wurin, kuma shirin da bai fara daga gare shi ba yana tafe da gyaran da zai fi aikin farko tsada.

Ɗaukar gaɓar rani a matsayin iyakar rafi

Wannan shi ne kuskure mafi girma, kuma shi ne ya fi cin rayuka. Masu safiyo sukan fita lokacin da ruwa ya janye, su auna daga bakin ruwan da suka gani, su kafa turaku, a ce an fitar da iyaka. Alhali kuwa rafi yana da shimfiɗa biyu: ƙaramar da yake kwanciya a cikinta mafi yawan shekara, da babbar, wato fadamar da yake malala a kanta idan an yi ruwa mai yawa. Babbar ita ce ainihin abin da ya kamata a kare.

Akwai wata magana da injiniyoyi ke yi wadda take yawan ruɗa kansiloli, ita ce "ambaliyar shekara ɗari". Mai ji yakan ɗauka cewa idan ta auku bara, to an huta sai jikoki. Ma'anarta ita ce ambaliyar da ke da yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku a kowace shekara, kuma idan aka lissafa wannan a kan shekara 30, yiwuwar ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Gidan da aka gina a irin wannan fili yana da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗarin shan ruwa kafin yaran da aka haifa a cikinsa su yi nasu iyalin.

Garuruwan da suka fi iya kare bakin rafinsu a yau, da yawansu sai da suka yi jana'iza suka koya. A watan Oktoba na 1954 guguwar Hazel ta faɗa wa yankin Toronto a Kanada, mutum 81 suka mutu, 35 daga cikinsu a layi ɗaya mai suna Raymore Drive da ke bakin kogin Humber. Bayan haka hukumomi suka sayi filayen fadama, suka hana gina gidaje a cikinsu, kuma waɗannan filaye su ne wuraren shaƙatawa da turbobin da birnin ke alfahari da su yanzu. Haka ya faru a Rapid City da ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka, inda ambaliyar ranar 9 ga Yuni 1972 ta kashe mutum 238, aka kwashe gine-ginen bakin rafin, aka mayar da wurin koren fili. Gyaran wannan kuskure shi ne a fitar da taswirar ambaliya tun kafin a zana komai, a haɗa lissafin injiniya da shaidar tsofaffin mazauna wurin game da inda ruwa ya taɓa kaiwa, sannan a sa iyakar filin da za a kare ta bi wannan layi. Taswirar ma tana tsufa, don haka a riƙa sabunta ta duk lokacin da gine-gine suka ƙaru a ɓangaren da ruwan ke gangarowa daga gare shi.

Kallon bakin rafi kaɗai a manta da inda ruwan ke fitowa

Rafi yana karɓar ruwan duk ƙasar da ta gangaro gare shi. Idan aka rufe wannan ƙasa da kwalta da rufin kwano da daɓen siminti, ruwan da a dā yake nutsewa a hankali sai ya taho gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ya zurfafa cikin rafin, ya ci gaɓa ta ƙasa har ta rufta. Masana harkar ruwa sun daɗe da lura cewa lafiyar ƙaramin rafi takan fara taɓarɓarewa idan wuraren da ruwa ba ya iya ratsawa suka kai kimanin kashi 10 cikin 100 na yankin, kuma lalacewar takan yi tsanani idan suka haura kashi 25. Saboda haka hukumar da ke kashe kuɗi a bakin rafi alhali sashen ba da izinin gini yana amincewa da duk abin da aka kawo masa daga sama, tana rushe aikinta da hannunta. Dole ne ƙa'idar gini ta tilasta wa manyan gine-gine su riƙe ruwan samansu a cikin harabarsu, ta hanyar tafkunan tara ruwa ko daɓen da ruwa ke ratsawa, su sake shi a hankali. Kuma tun da rafi bai san iyakar mulki ba, wajibi ne a zauna da maƙwabtan ƙananan hukumomi a rubuta yarjejeniya, domin wanda ke ƙasa shi ke shan abin da na sama ya sako.

Miƙar da rafi da zuba masa kankare

Injiniyan da aka ce ya kawar da ruwa da sauri zai miƙar da rafin ya shafe shi da siminti, kuma a unguwar da aka yi aikin za a ga kamar an yi nasara. Sai dai lanƙwasar rafi ita ce take rage masa gudu, kuma ruwan da aka ƙara wa gudu yana isa unguwar gaba da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Labarin birnin Los Angeles na Amurka ya isa misali. A 1930 kamfanin 'yan'uwan Olmsted masu tsara wuraren shaƙatawa, tare da mai tsara birane Harland Bartholomew, suka gabatar da shirin da ya ba da shawarar a sayi filayen bakin koguna a mayar da su wuraren shaƙatawa waɗanda kuma za su riƙa shanye ambaliya. Aka ajiye rahoton ba a yi aiki da shi ba. Da ambaliyar 1938 ta zo, injiniyoyin sojan Amurka suka shafe mafi yawan kogin Los Angeles da kankare, kuma har yau birnin yana fafutukar farfaɗo da wasu sassansa bayan filin da ke gefensa ya cika da gine-gine ya kuma yi tsada.

Ana iya komawa baya, ko da yake da kuɗi. A Singafo an fasa wata magudanar siminti mai tsawon kilomita 2.7 a dandalin Bishan-Ang Mo Kio, aka mayar da ita kogi mai lanƙwasa na kimanin kilomita 3, aka buɗe wurin a 2012. Idan ruwa ya ƙaru yakan hau ciyawar da ke gefe, wadda dama don haka aka bar ta. Ƙaramar hukumar da rafinta bai riga ya sha siminti ba tana da sa'ar da bai kamata ta yi wasa da ita ba. Inda gaɓa ke zaizayewa, a kwantar da gangarenta, a dasa itatuwa da ciyayin da asalinsu na wurin ne masu saiwa mai riƙe ƙasa, a ajiye duwatsu da kankare don wuraren da babu makawa, kamar gindin gada.

Dogaro da shirin da ba shi da haƙori a doka

Launin kore a taswirar tsarin gari ba ya hana kowa gini. Abin da ke hanawa shi ne mallaka, ko yarjejeniyar da aka yi wa rajista a kan takardar filin, ko dokar da majalisa ta zartar. Hukumomi da yawa sukan tsaya a kan taswirar, su jira sai an sami kuɗin gina turba kafin su nemi filin, alhali sanar da shirin kansa yana ɗaga farashin ƙasar da ke kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya: filin ake fara kamawa, turba ta biyo baya ko da bayan shekara goma ne. Kuma ba lallai ne a sayi kowane yanki ba. Ana iya biyan mai fili diyya ya ci gaba da riƙe ƙasarsa bisa sharaɗin ba zai yi gini a bakin ruwa ba, ko ya bar wa jama'a hanyar wucewa, muddin an rubuta sharaɗin yadda zai bi filin ko a hannun wa ya koma.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato hukuma ta ga ta sami hanyar karɓar fili kyauta ta wurin izinin gini, ta wuce gona da iri. Birnin Tigard a jihar Oregon ya gindaya wa wata mai shagon kayan famfo da lantarki sharaɗin cewa ba za ta faɗaɗa shagonta ba sai ta sallama wa birnin ɓangaren filinta da ke fadamar rafin Fanno, da ƙarin wani yanki don turbar keke. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1994 ta yanke cewa abin da hukuma ke nema dole ya yi daidai gwargwado da illar da ginin zai jawo, kuma hukumar ce za ta nuna hakan. Dokokin ƙasashe sun bambanta, amma hikimar hukuncin tana aiki ko'ina: hana gini a fadama abu ne mai sauƙin karewa da hujjar ambaliya, amma buɗe filin mutum ga jama'a wani abu ne dabam da ke buƙatar hujjarsa da kuma, sau da yawa, diyyarsa.

Manna turba a bakin ruwa

Kowa yana son ya yi tafiya yana ganin ruwa, shi ya sa masu zane ke matso da turba har gaɓa. Yin haka yana tilasta sare itatuwan da ke riƙe gaɓar, masu ba ruwan inuwa, masu tace laka da taki kafin su shiga rafin. Littattafan jagora da dama suna ba da shawarar a bar aƙalla kimanin mita 30 na ciyayi da itatuwa a kowane gefe, a ƙara faɗin inda gangaren ya yi tsanani. Turbar ta bi bayan wannan shinge na itatuwa, ta riƙa leƙowa bakin ruwa a zaɓaɓɓun wurare da aka ƙarfafa don haka. Idan masu keke da masu ƙafa za su haɗu a kanta, faɗin mita 3 shi ne abin da aka saba ɗauka mafi ƙaranci, kuma hawanta kada ya wuce kashi 5 cikin 100, wato hawan mita 5 a tafiyar mita 100, domin mai keken guragu da tsoho su iya bi. Sassan da babu makawa sai sun ratsa fadama a gina su da sanin cewa ruwa zai rufe su, a sa alamar gargaɗi da ƙofar da za a iya rufewa.

Turbar da ta yanke a bakin babban titi ba tare da mashigi ba, ko ta ƙare a jikin katangar wani, ba ta samun masu bi, kuma wurin da babu masu bi shi ne masu zubar da shara da ɓata-gari ke gajewa. Gara gajeriyar turba da ta haɗa makaranta da tashar mota a kan doguwa da ba ta kai kowa ko'ina ba.

Kiran jama'a bayan an gama yanke shawara

Taron da ake kira don a nuna wa mutane zanen da aka riga aka kammala ba shawara ba ne, kuma mahalarta sukan gane haka tun kafin a gama jawabin buɗewa. Masu gidajen da ke jingine da rafin suna da damuwa ta gaskiya game da sirrin gidajensu da tsaro da hayaniya, kuma waɗanda ke cin abinci daga wurin, kamar masu lambu da masunta, su ne aka fi mantawa da su. A same su tun ana tattara bayanai, a amsa damuwarsu da abin da ido zai gani, kamar shinge da fitilu da lokutan buɗewa da rufewa, a kuma rubuta abin da aka canja saboda maganarsu.

Kasafin gini ba tare da kasafin kulawa ba

Kuɗin gini yakan zo sau ɗaya daga tallafi ko rance, ana yanka kintinkiri, a ɗauki hoto. Kwashe shara, yanke ciyawa, share lakar da ambaliya ta bari, gyaran gadoji da cire tsire-tsire baƙi masu mamaye wuri kuwa, duk shekara suke dawowa, kuma daga aljihun ƙaramar hukumar suke fita. Rafin Cheonggyecheon na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, wanda aka tone daga ƙarƙashin babbar gadar mota tsakanin 2003 da 2005, ya yi suna a duniya, amma mafi yawan ruwan da ke gudana a cikinsa da inji ake turo shi, kuma birnin ne ke biyan wannan kullum. Babban birni yana iya ɗaukar irin wannan nauyi. Ƙaramar hukuma ta guji duk zanen da rayuwarsa ta rataya a kan inji. Kafin majalisa ta amince da aikin, a gabatar mata da kiyasin kuɗin kulawa na shekara-shekara, a ambaci sashen da alhakin ya rataya a wuyansa da sunansa, a ba shi layinsa a kasafi. Ƙungiyoyin sa-kai suna taimakawa ƙwarai wajen dashe da kwashe shara, amma ba a ɗora musu duba lafiyar gada ko sare itacen da ke shirin faɗuwa a kan turba. Sannan a sa doka cewa bayan kowace babbar ambaliya ma'aikata za su bi turbar daga farko zuwa ƙarshe, su duba gindin gadoji da bakin kwalbatoci da turakun iyaka, kafin a sake buɗe ta ga jama'a.